Faifan da babu sunan waƙa a jikinsa: tafiyata zuwa Oakland

Wanda ya sauka a filin jirgin saman San Faransisko yana nufin Oakland, jirgin ƙasa na BART zai shiga. Jirgin yakan ratsa birnin ta ƙarƙashin ƙasa, ya nutse cikin wani bututu da aka shimfiɗa a ƙasan ruwan da ya raba biranen biyu, ya yi ta kukan ƙarfe har kunne ya toshe, sannan kwatsam ya ɓullo sarari. Abin da ido zai fara cin karo da shi su ne dogayen injinan ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, a jere, da kwantenoni jibge bisa juna. Aiki ne ya kai ni, wani horo da aka tura mu, amma tun daga gida na ƙulla wata niyya da ban faɗa wa kowa a ofis ba, don na san dariya za a yi mini. Ina so in riƙe wani ɗan ƙaramin faifan garmaho a hannuna, wanda wasu samarin wannan gari suka buga a 1993, suka watse a shekarar da ta biyo.

Sunan ƙungiyarsu Indian Summer. Ka tsayar da mutane a titin Oakland ka tambaye su, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan. Akwai 'yan'uwa biyu a ciki, Adam da Seth Nanaa, da Marc Bianchi, da Eyad Kaileh mai ganga. Ba su taɓa yin cikakken kundi ba. Abin da suka bari shi ne faifai ɗaya ƙarami nasu na kansu, wanda wani ɗan kamfani mai suna Repercussion ya fitar, da wasu faya-fayen da suka raba da abokansu, kowa ya ɗauki gefe guda, sai 'yan waƙoƙi da suka warwatsu nan da can. Ka haɗa duka ba za su cika awa ɗaya ba.

Irin kiɗan nasu ake kira emo. A wajenmu wanda ya san kalmar yakan tuna samarin nan masu baƙin gashi da ya rufe ido ɗaya da kwalli raɗau, waɗanda suka cika MTV wajen 2005. Wancan jika ne, kuma irin jikan da ya yi kuɗi ya daina zuwa gaida dangi. Asalin abin a Washinton ya tsiro, wajen 1985, a gindin kamfanin Dischord da Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a 1980. Samarin da suka taso cikin kiɗan pank mai zafi da sauri sun gaji da doke-doke da nuna ƙwanji a wurin wasa, sai ƙungiyoyi irin su Rites of Spring da Embrace suka juya, suka riƙa waƙa a kan abin da ke cin zuciyarsu, da ƙarfin nan dai da aka saba. Su kansu ba su so sunan da aka laƙaba musu ba. Kafin shekarun 1990 su yi nisa abin ya tsallaka har Kalifoniya: a San Diyego akwai kamfanin Gravity, a Goleta akwai Ebullition na Kent McClard, a bakin ruwan San Faransisko kuma akwai tarin samari da ke kiɗa a gareji da falon gidajen haya. Ni a YouTube na yi tuntuɓe da Indian Summer ina ɗalibi, wani ya ɗora wata waƙarsu da hoto ɗaya mara motsi, kuma tun daga lokacin ba ta sake ni ba.

A gidan Kawu na sauka, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe a can har furfura ta cim masa. Da na gaya masa abin da nake nema bayan cin abinci, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, daga Najeriya ka taso, ka biya kuɗin biza, don ka sayi tsohon faifai?" Na ce, "Kawu, ofis ne suka biya." Ya ce to da sauƙi. Amma washegari shi da kansa ya ce kafin in shiga shagunan, in zo ya nuna mini inda kiɗan garin yake tun kafin a haifi yaran nawa.

Titi na 7 ya kai ni, a Oakland ta Yamma. A lokacin yaƙin duniya na biyu baƙar fata daga Luwiziyana da Tekzas sun yi ta kwararowa nan don aiki a wuraren ƙera jiragen ruwa da layin dogo, suka zo da kiɗan buluz. Titin ya cika da gidajen rawa, irin su na Slim Jenkins, daga baya da Esther's Orbit Room, manyan mawaƙa na tsayawa su yi wasa. Sai hukuma ta zo da ayyukan raya gari. Aka ratsa unguwar da babbar hanyar sama ta Cypress, aka rushe gidaje don gina katafaren gidan waya, aka ɗora layin BART ɗin nan da na shigo da shi a kan titin, jirgi na wucewa bisa kan mutane da ƙarar da ba mai kiɗan da zai iya gasa da ita. Hanyar Cypress ɗin ta rufta a girgizar ƙasa ta 17 ga Oktoba 1989, mutum 42 suka mutu a wurin, yanzu titin Mandela Parkway ne a gurbinta. Mun tsaya ƙarƙashin gadar jirgin, Kawu na nuna mini fili da katanga yana cewa nan wane wuri ne, can wane wuri ne. Babu abin da ya rage da za a saurara.

Neman faifan na fara shi daga Berkeley. Titin Telegraph ya taso tun daga tsakiyar Oakland ya miƙe har ƙofar Jami'ar Kalifoniya, kuma mai bin sa a bas zai ga duniya a taga: masallaci da shagunan naman halal wajen titi na 31, gidajen abincin Habasha da Eritiriya a Temescal, sannan ɗalibai da masu sayar da sarƙa da turare a bakin hanya. Amoeba Music, wanda aka buɗe a 1990, yana can kusa da jami'ar. Na yi yini ina jujjuya ƙananan faya-faye a akwatunan pank har yatsuna suka yi baƙi da ƙura. Na sami abubuwa da yawa, ban sami nawa ba. Wani ma'aikaci mai kirki ya ce irin wannan ba ya kwana a akwati, in gwada ƙananan shaguna na Oakland, in kuma tambaya da baki, don mai shago ba ya ajiye irinsa inda kowa zai taɓa.

Haka kuwa aka yi. A wani ɗan shago mai ƙunci, wanda mutum biyu ba sa iya wuce juna sai ɗaya ya karkace, na ambaci sunan. Mai shagon, dattijo mai zanen tawada har wuyan hannu, ya yi shiru yana kallona, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya sai ya sa dariya, ba ta raini ba, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wani akwatin kwali.

Faɗinsa inci bakwai, ba ya kai santimita 18. Kamfanin RCA Victor ne ya fito da wannan girma a 1949 don waƙa ɗaya a kowane gefe, yana juyawa sau 45 a minti, amma 'yan pank sukan sa a yanka nasu a kan juyi 33 don a cusa ƙarin mintuna. Na zaro shi daga leda. Rigarsa takarda ce kawai da aka naɗe, aikin hannu. Babu hoton mawaƙan sun jeru suna harara. Babu kuma sunan waƙa ko ɗaya. Sunayen da ake kiran waƙoƙin da su yau masu saurare ne suka raɗa, shi ya sa waƙar da ta fi shahara take amsa suna biyu, wasu su ce "Woolworm", wasu su ce "Angry Son", kuma har gobe ana musu.

Dattijon ya ba ni labarin yadda ake yi a zamanin. Ƙungiya za ta tara kuɗin aikin wanke kwanuka da tallan fiza, ta ɗauki kiɗan cikin kwana ɗaya ko biyu, a aika da tef ɗin wurin masu yankan faifai. Su yanka layukan a kan wani faranti mai laushi, a yi masa rigar ƙarfe, a fitar da hatimi, sannan a riƙa danna curin roba mai zafi tsakanin hatimai biyu. Ɗari biyar, ko dubu ɗaya, shi ke nan. Rigar kuwa a gida ake yi, a zauna a ƙasa da almakashi da gam da tsohuwar tafireta. Ƙungiyar Heroin ta San Diyego a jakar takarda irin ta cefane ta saka nata. Sai a ba da talla a mujallun da su ma da hannu ake haɗawa, Maximum Rocknroll ko HeartattaCk, wanda ke so ya naɗe 'yan daloli cikin takarda ya sa a ambulan ya aika, ya jira makonni.

Da ya faɗi kuɗin na ji gabana ya faɗi. Abin da aka sayar dala uku ko kusa da haka ya ninka sau da yawa. Bakina ya buɗe da kansa zai ce a rage, sai na tuna inda nake. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini farashin da ake sayar da shi a Discogs, inda masu tara faifai na duniya ke ciniki, na ga bai zalunce ni ba. Ya ɗaga faifan a ƙarƙashin fitila ya karkata shi, ya nuna mini wani siririn ƙarce a gefe ɗaya, ya ce wannan za ka ji shi, kada ka ce ban faɗa ba. Na biya.

Kawu yana da garmaho a gareji, wanda ya saya a kasuwar gwanjo ta Ashby. Ya hana ni taɓa allurar. Ya karɓi faifan da tafin hannu biyu ta gefe-gefe, ba ya barin yatsa ya hau layukan, ya hure shi, ya goge da wani ƙyalle mai laushi, ya ce haka mahaifinsu ya koya musu a Zariya, kuma wanda ya karya allura a gidan ranar sai ya kwana da kuka. Ya ɗora, ya sauke hannun a hankali.

Abin da ke fara fitowa ba gita ba ce. Ƙas-ƙas ne na tsohon faifai, sannan muryar mace daga nesa, tana rera buluz. Bessie Smith ce, shahararriyar mawaƙiyar buluz ta zamanin da. Samarin sun ɗauko faifanta suka bar shi yana juyawa a cikin nasu kiɗan. Sai gita ta shigo a kanta da 'yan sautuka kaɗan, tana maimaita su, ba ta gaggawa. Wani saurayi ya fara magana ƙasa-ƙasa, ba waƙa ba, magana, irin ta mutumin da bai tabbata yana so a ji shi ba. Ganga ta biyo, a daddafe. Minti ya wuce, wani ya wuce, ana nan ana zagaya wuri ɗaya, sai dai kowane zagaye ya fi na baya nauyi. Kana jin abin na taruwa a ƙirjinka, ka san zai fashe, kuma an ƙi bari ya fashe. Lokacin da ya zo, komai ya zo tare: gita biyu, faranta, da ihun da ya tsage maƙogwaro, har lasifikar Kawu ta riƙa rawa a kan katako. Bai daɗe ba. Ya lafa, ya koma 'yan sautukan nan na farko, sannan matar ta sake bayyana, ashe tana nan tun ɗazu, ba ta fasa waƙarta ba.

Na ji wannan waƙa a waya ba adadi, amma akwai abin da sai a faifan na same shi. Ƙas-ƙas biyu ne. Akwai na faifan Bessie Smith, wanda aka ɗauka da gangan a 1993, akwai kuma na faifaina, na ƙura da ƙarcen da dattijon ya nuna mini. A wurin da kiɗan ya yi sanyi ba ka iya raba su. Tsufan nata da tsufan nasu sun gauraye, kuma duk juyin da allura ta yi tana ƙara cinye layin kaɗan.

Ga abin da na ɗauka game da faifan nan, kuma na sha musu da mutane a kansa. Ihun ba shi ne gwanintar ba. Ihu kowa na iya yi, kuma ƙungiyoyi da yawa da suka biyo bayansu shi suka kwaikwaya, suka yi ta kururuwa tun daga sakan na farko har mutum ya gaji ya kashe. Gwanintar Indian Summer haƙuri ne. Sun yarda su sa ka jira, sun yarda su yi kusan shiru na tsawon lokacin da wani mawaƙin zai ji tsoron an tashi an bar shi, don haka da ihun ya zo ya riga ya biya kuɗinsa. Ɗaukar sautin ma ta talakawa ce, gangar kamar daga ɗaki na gaba take, muryar ta nutse a ƙarƙashin gita har ba ka kama rabin kalmomin. Da an gyara wannan da an ɓata. Waƙoƙi biyun da ke ɗaya gefen sun fi gajarta da zafi, suna da kyau, amma da su kaɗai ne da ban hau bas ina neman su ba.

Kawu bai ce uffan ba har allura ta kai ƙarshe tana ƙwas, ƙwas. Sannan ya ce, "Ɗana, yaran nan faɗa suke da wa?" Na ce da kansu, Kawu. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Amma matar nan ba ta ɗaga murya ba, kuma ta fi su duka ciwo." Ya sa na sake ɗorawa, wannan karon don ita.

Yana da gaskiya, kuma ina ganin samarin ma sun san haka, shi ya sa suka bar mata bakin farko da na ƙarshe. An haifi Bessie Smith a Chattanooga ta jihar Tenesi a 1894, ta taso marainiya tana waƙa a bakin titi. Ta fara ɗaukar faifai da kamfanin Columbia a 1923, zamanin da mawaƙi ke rera wa wani babban mazurari murya kai tsaye, kafin makirfon na lantarki ya shigo a 1925, faya-fayen kuma masu nauyi ne masu fashewa, suna juyawa sau 78 a minti. Ta zama baƙar fatar da ta fi kowa samun kuɗi a harkar nishaɗi a lokacinta. Ta rasu a watan Satumba 1937 bayan haɗarin mota a Misisifi. Kabarinta a kusa da Filadelfiya ya zauna babu dutsen suna har 1970, lokacin da mawaƙiya Janis Joplin da wata mata mai suna Juanita Green suka biya aka kafa. Bayan yawon da muka yi a titi na 7, jin muryarta a cikin faifan da aka yi a Oakland ya yi mini nauyi fiye da da. Akwai kuma abin da ke ɗan sosa mini rai: mutane da yawa da ke ƙaunar waƙar nan ba su taɓa zama sun saurari faifan matar shi kaɗai ba, sun ɗauke ta ado ne. Ni ma sai da waƙar ta kai ni na je na saurari matar, kuma wanda ya je zai ga samarin ne baƙi a wurin.

Daren Asabar na tafi 924 Gilman Street, a yankin masana'antu na Berkeley ta Yamma. Wani ɗakin ajiyar kaya ne na bulo da aka mayar wurin kiɗa tun daren ƙarshe na 1986, Tim Yohannan na Maximum Rocknroll na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma har yau 'yan sa-kai ke gudanar da shi. Dokokin suna rubuce a bakin ƙofa: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launi. Sai ka yanki katin zama ɗan gida kafin ka shiga. Ba sa barin ƙungiyar da ta sa hannu da babban kamfani ta hau dandalin, har 'yan ƙungiyar Green Day da suka girma a ɗakin sun sha wannan doka bayan sun koma babban kamfanin Reprise a 1993. Ban taɓa zaton zan shiga wurin kiɗan pank in fito babu warin giya a rigata ba.

Bango duk rubuce-rubuce ne, wani kan wani. Dandalin gajere ne, mawaƙi na iya miƙo hannu ya taɓa ka. Yaran da suka yi wasa a daren ba a haife su ba lokacin da Indian Summer suka watse, amma na ji salon a jikinsu, sanyi sannan fashewa, mai waƙar ya juya wa mutane baya yana magana da ganga. Sun yi saurin fashewa, a ganina. A bayan ɗakin akwai tebur, wata yarinya na sayar da kaset da ƙaramin faifansu, rigarsa fotokwafi, an lanƙwasa da hannu, gam ɗin ma bai gama bushewa ba. Na sayi ɗaya da kuɗin da bai kai na abincin rana ba. A nan na ji wani iri game da wanda ke cikin jakata. An yi shi ne don ya wuce daga hannu zuwa hannu da arha, ga shi ya zama kayan ƙarƙashin kanta, kuma ni ina cikin masu sa shi tsada. Wanda ke son jin kiɗan kawai ba ya buƙatar wannan wahala: a 2019 kamfanin Numero Group na Shikago ya tattara waƙoƙinsu a kundi ɗaya mai suna Giving Birth to Thunder, yana kuma kan intanet.

Ranar dawowa Kawu ya yanko kwali biyu daga akwatin taliya, ya sa faya-fayen a tsakiya, ya ɗaure da salatif, ya ce a jakar hannu, kada in kuskura in sa a babban akwati. Ya ƙara da cewa idan na isa gida in ajiye su a tsaye, nesa da taga, kada kuma in bar su a mota ko na minti goma, don zafinmu na watan Afrilu zai lanƙwasa robar. Wahalar da ta rage ita ce garmaho. Sai da na zagaya masu gyaran rediyo kafin na sami wani tsoho da ke da ɗaya a bayan shago, bel ɗinsa ya tsinke. Ya ce zai gyara, amma allura sai dai in sa a aiko mini daga waje, kuma in sa a aiko biyu, ɗaya tasa ce.